Rawanin Hana Hamma

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kasuwar Kazaure ya san Dakta Jalal. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don Allah ya hore masa baki irin wanda ba ya neman hutu. Sunansa na yanka Jalaluddeen. Daktancin kuwa a Kano ya samo shi, inda ya yi wata biyar yana share wani kantin magani yana goge kwalabe. Da ya dawo gida sai ya taho da farar riga ta gwanjo irin ta likitoci da tabarau marar magani, ya kafa tebur yana sayar da cajar waya da man zafi. Ka zo sayen caja, ka tafi da bayanin hanta.

Ƙanensa Musaddiƙ ɗan acaba ne, mutum mai sanyin hali da ƙarancin magana. Shi ke ɗaukar Dakta zuwa cin kasuwannin Roni da Gwiwa da Babura, Dakta a baya, bakinsa daidai kunnen ƙanensa, tun daga tashi har sauka. Abu ɗaya aka san Musaddiƙ da shi, wato hamma. Yana yi yana ƙarawa, har hawaye su zubo masa, har 'yan'uwansa 'yan acaba su ce ya rufe kada su faɗa ciki.

Da ba wanda ya damu, sai da maganar aure ta taso. Musaddiƙ ya ga Rahamatu mai tallan nono a kasuwar Gwiwa, ita ma ta gan shi, suka daidaita. Mahaifinta Arɗo Muhammadu Lawal, wanda rugarsa ke gaba da Roni, ya aiko cewa kafin manya su zo yana son ya ga saurayin da idonsa ranar Asabar. Nan fa hankali ya tashi, don kowa ya san yadda Arɗo ke gwada mai neman 'yarsa. Ba ya tambayar gona, ba ya tambayar sana'a. Zaunar da kai zai yi ya ba ka tarihin saniyarsa Wule, tun daga kakarta. Bara wani mai shagon siminti daga Babura ya je da mota da shadda, ya yi hamma guda ɗaya tak ana tsakiyar labari. Arɗo ya naɗe buzunsa ya ce masa, "Sauka lafiya." Maganar ke nan har yau.

Musaddiƙ kuwa yana son Rahamatu so na gaske. Tun da saƙon ya zo ya kasa cin abinci sosai.

"Kwantar da hankalinka," in ji Dakta, a tsakar gida, gaban mahaifiyarsu Inna Dela. "Hamma? Ni da na ga ana ɗinke ciki da idona? Kwana uku ya yi yawa."

Inna Dela ta ɗago daga tankaɗen da take yi. "Ni fa ban gane wannan hammar ba. In yana ɗakina hira ba ya yi."

"Inna, wannan magana ce ta ilimi, ki bar wa masu ita."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma Sheriff zai raka ku."

Sheriff Babarbare ne mai sayar da turare, teburinsa na jikin na Dakta, shekara shida yana shan bayani kyauta. Ya san Arɗo a kasuwar Gwiwa, ga kuma wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, wanda ya ba shi damar faɗin abin da wani bai isa ya faɗa ba. Da labari ya iso kasuwa, mutane suka taru a teburin Dakta. Ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsu biyar.

"Abin da ke jawo yawan hamma biyar ne. Na farko yunwa. In hanji ya ga ba kowa a gida, sai ya aiko baki ya leƙa waje."

"Ashe hanji ma yana aike," in ji Sheriff.

"Kai dai saurara. Na biyu barcin da bai isa ba. Na uku ƙarancin iska, in hanci ya toshe sai baki ya karɓi aikinsa. Na huɗu zafin ƙwaƙwalwa. Kun san injin babur in ya ɗau zafi? To haka kan ɗan Adam yake, hamma ita ce fankarsa. Akwai wata jijiya da ta taso daga ƙeya, ta biyo ta bayan kunne, ta kewaya..."

Jijiyar ba ta kai inda za ta ba, mai gyaran takalmi ya hangame baki. Mai rake ya karɓa. Wani dattijo da ya tsaya sayen man zafi ya yi tasa har da miƙa, yana a'uziyya. Musaddiƙ kuwa ya jera uku.

Dakta ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ransa fari ƙal. "Kun gani ko? Annoba ce ta shigo gari ba a sani ba. In na gama da Musaddiƙ asibitin hamma zan buɗe. Har daga Nijar za a riƙa zuwa."

"Na biyar fa?" in ji Sheriff yana goge ido.

"Na biyar sirri ne. Sai an ga uwar bari ake fito da shi."

Ranar Asabar da hantsi aka fara magani. Dakta ya ce tunda bai san wanne ne cikin biyar ɗin ya kama ƙanensa ba, gara a yi musu kuɗin goro. Ya sa Inna Dela ta ɗumama tuwon dawa malmala uku, ya tsaya a kan Musaddiƙ sai da ya share kwanon, ya bi da kofin koko. Yunwa ta mutu ke nan. Ya ɓare goro biyu ya cusa masa saboda barci. Sannan ya aika aka sayo ƙanƙara, ya ƙulle ta a leda, ya ɗora masa a tsakar ka, ya danna hula a kai.

"Yaya, kaina zai tsage."

"Fanka ce take hutawa. Karɓi wannan."

Ƙwayoyin maganin mura ne guda biyu, wai su buɗe hanci iska ta shiga. Musaddiƙ ya ja da baya.

"Yaya, wannan ai irin mai sa barci ne. Ni zan tuƙa fa."

"Barci? Wa ya san magani, ni ko kai? Duba nan."

Dakta ya watsa uku a bakinsa, ya kora da ruwa, ya bugi ƙirji. Musaddiƙ ya yi kamar ya sha nasa, ya zura su a aljihu. Sheriff ya gani, ya kau da kai.

Suka kama hanya, Musaddiƙ da Dakta a babur ɗaya, Sheriff a nasa yana biye. Tun kafin su bar duwatsun Kazaure Dakta ya ɗora bakinsa a kunnen ƙanensa ya koma kan jijiyar nan da bai ƙarasa ba. Musaddiƙ ya yi hamma. Dakta ya ƙara murya, don a ganinsa rashin fahimtar cutar ne ke ƙara ta. Musaddiƙ ya sake yi, wani ƙwaro ya faɗa masa a maƙogwaro, babur ya yi tangal-tangal, saura ƙiris su rungumi jaki.

A Roni Dakta ya ce a tsaya. Ya buɗe jakarsa ya zaro farin rawani, sabo dal.

"Na biyar ke nan, kambun baka. Mahassada sun ji za a yi aure. Tunda ta baki abin ke fita, ƙofar za mu rufe."

"Dakta," in ji Sheriff, "ana maganin ƙaba kai na kumbura. Ka bar bawan Allahn nan ya je a yadda Allah ya yi shi."

"Kai ka san turare, ni na san jiki. Kowa ya tsaya a teburinsa."

Ya naɗa wa Musaddiƙ rawanin a kan hular da ƙanƙarar, ya zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓa sau uku, ya ja ya tamke, har haƙoransa suka haɗu gam. Masu shayin bakin tasha suka taso kallo. Wani ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka yi naɗin ba mu ji ba?" Wani ya ce ai Sarkin Acaba ne. Yara suka bi babur da gudu suna jinjina, Dakta yana ɗaga musu hannu kamar shi aka naɗa.

Rana kuwa ta take. Kafin su kai ruga ƙanƙara ta narke, ledar ta huje, ruwa ya riƙa bin goshin Musaddiƙ yana ɗiga ta hanci, gaban shaddarsa ya jiƙe sharkaf.

Arɗo Muhammadu Lawal yana zaune a kan buzu a gindin wata tsamiya, dogo siriri, da sandarsa a gefe, dattawan ruga huɗu na kewaye da shi. Can baya shanu na kwance suna tuƙa. Baƙi suka tuɓe takalma suka durƙusa.

"Jaɓɓama," in ji Arɗo, yana yi musu maraba da Fulatanci. "Babarbare, yau bawa ya tuna da ubangijinsa?"

"Na zo in ga ko talakawana sun ƙoshi," in ji Sheriff. Aka yi dariya.

Arɗo ya juya ga mai rawani. "Samari, an zo lafiya?"

"Mmm," in ji Musaddiƙ.

"Ya mutanen gida?"

"Mmm-mmm."

Arɗo ya dubi Sheriff. "Kurma kuka kawo mini? Kuma wa ya naɗa shi, da zai zo gabana da rawanin da ya fi nawa? Wannan ruwan da ke zuba fa?"

Dakta ya yi farat ya ce, "Allah ya ja zamanin Arɗo, gumin kunya ne. Gidanmu haka muke, in muka ga suruki sai mu tsiyaye."

"A kwance shi in ga fuskarsa."

Sheriff ya warware rawanin. Hula ta biyo shi, leda ta faɗo tim a gaban Arɗo, da ɗan guntun ƙanƙara kamar ƙwallon goriba yana yawo a ciki. Arɗo ya sa sanda ya juya ta. Musaddiƙ ya sunkuyar da kai, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ta bayan bukka ya hango gefen mayafin Rahamatu, ya tabbata ta gani, zuciyarsa ta karye.

Mai hankali a nan sai ya yi shiru. Dakta kuwa sai ya ga ƙofa ta buɗe. Ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya gyara farar riga, ya ɗaga yatsu biyar, ya fara daga hanji. Kafin ya kai hanci Musaddiƙ ya cije leɓe, idanunsa sun kawo ruwa, yana kokawa da abin da ke taso masa. Dattawan ruga suka riƙa kai hannu baki ɗaya bayan ɗaya. Da aka iso jijiyar ƙeya, Arɗo da kansa ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska na ɗan lokaci.

Adda, yayar Arɗo, tsohuwa mai kaifin ido, tana kallo daga ƙofar bukka. A wurinta hamma ma'anarta ɗaya ce, kuma abin kunya ne a ce baƙo ya yi ta a rugarsu. Ta fito da ƙatuwar ƙwarya cike da fura da kindirmo ta dire.

"Muhammadu, ka bar baƙi da yunwa kana kallo? Ku sha, 'ya'yana."

Musaddiƙ ya taɓa ludayi ɗaya ya ajiye, don ba a cika ciki a gaban suruki, balle ma tuwo malmala uku na nan zaune. Dakta ya ce shi ba surukin kowa ba ne. Ya jawo ƙwaryar gabansa, bai ɗago ba sai da ludayi ya fara ƙara a gindinta.

Arɗo ya yi gyaran murya.

"Ita Wule," ya fara, "uwarta ba a nan aka haife ta ba. Kakarta ita ce ta fito da mu daga fari, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe..."

A daidai nan ƙwayoyi uku suka gamu da kindirmo a cikin Dakta, suka gaisa, suka haɗa kai. Ya ji idanunsa sun yi nauyi, iskar tsamiya na kaɗa shi. Wata hamma ta taso masa tun daga cibiya. Ya danne ta, hancinsa ya buɗe, kunnuwansa suka motsa. Ta sake tasowa, ya haɗiye ta, ya mintsini cinyarsa. Fuskarsa ta yamutse kamar ta mai shan tsamiya.

Adda ta gani. "Wayyo, wannan bai ƙoshi ba." Ta kawo ƙwarya ta biyu.

"Sha mana, Dakta," in ji Sheriff ƙasa-ƙasa. "Hanji ne ya aiko."

Don ya ɓoye bakinsa, Dakta ya kafa kai a ƙwarya ya sha rabi. Kakar Wule kuwa tana can tana ratsa daji, ba ta ko kai mashaya ba. Da ya ɗago, abin da ya tara tun ɗazu ya taho gaba ɗaya, ba sallama. Bakinsa ya wangame, ya ƙara wangamewa, har ana hango furar da ta maƙale a dasashi, da wata ƙara mai tsawo da ta sa maraƙi ya miƙe tsaye. Sai aka ji ƙas!

Baki ya ƙi rufuwa. Muƙamuƙi ya goce.

Dakta ya sa hannu ya tura haɓa sama, ta ƙi. Ya dubi Sheriff, ya dubi ƙanensa, ya ce, "Aaa! Aaa-aa!" Yawu ya fara bin farar riga. Matan ruga suka fito, masu tatsa suka ajiye ƙore, dattawa suka kasa riƙe dariya. Rahamatu ta toshe baki da mayafi ta shige bukka da gudu.

"Wannan na nawa ne a cikin biyar ɗin, Dakta?" in ji Sheriff, yana kore masa ƙuda da faifai.

"Aaa!"

"Ya ce na shida ne."

Musaddiƙ bai yi dariya ba. Ya matsa gaban Arɗo ya durƙusa. "Baffa, ka yi haƙuri. Yayana ne, don ni ya yi duk abin da ya yi. A taimaka masa, ko da maganata ta lalace."

Arɗo ya dube shi. Sannan ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya sa dattawa biyu suka riƙe kan Dakta yadda ake riƙe maraƙi in za a ba shi magani. Ya naɗe manyan yatsunsa da ƙyalle, ya zura su a bakin, ya danna ƙasa ya tura baya. Ƙwas! Haƙora suka haɗu.

"Alhamdu lillahi," in ji Dakta da ƙyar. "Wato abin da ya faru shi ne, ita wannan jijiyar..."

"Kul!" in ji Arɗo. "Ka sake buɗe shi zai koma. Miƙo rawanin can."

Da rawanin da aka tamke Musaddiƙ aka tamke Dakta, sau uku ta ƙarƙashin haɓa, Arɗo ya ƙulle da irin ƙullin da yake wa maraƙi a turke. Ya ce kwana bakwai, ba magana, ba tauna, sai kunu. Aka jingina shi da tsamiya, kafin a ce haka barci ya yi gaba da shi.

Arɗo ya koma kan buzunsa. "An katse mini labari. Daga farko za a sake."

Sheriff ya saci kallon Musaddiƙ, yana jiran bakin ya buɗe. Kakar Wule ta sake fitowa daga fari, ta ratsa daji, ta kai mashaya, ta haifi uwar Wule a gindin wata kuka. Aka yi sallar la'asar aka dawo aka ɗora. Inuwar tsamiya ta juya gabas. Musaddiƙ na zaune, ido tar, ko leɓensa bai motsa ba. Da aka zo inda kura ta biyo garke, har matsowa ya yi.

"Baffa, to ɗan maraƙin da ta bari a bakin rafi fa? An same shi?"

Arɗo ya tsaya. Shekara da shekaru yana ba da labarin nan, ba wanda ya taɓa tambayarsa maraƙin. Fuskarsa ta saki, ya ce an same shi, ai shi ne uban bajimin can mai baƙin wuya, ya nuna da sanda.

Da labari ya ƙare ya dubi Sheriff. "Babarbare, an ce mini yaron nan ciwon hamma gare shi. Ni ban ga ya yi ba."

Sheriff ya nuna gindin tsamiya da haɓa, inda Dakta ke sharar barci a naɗe. "Ai ga ciwon can kun ɗaure shi, Arɗo. Shekara shida ina zaune kusa da shi, ni ma na ɗauka jinina ne ya yi ƙasa."

Arɗo ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya share ido ya ce wa Musaddiƙ, "Je ka turo manyanka. Mai haƙurin goya wannan a babur kullum, zai iya riƙe 'yar mutane." Ya ƙara da cewa, "Ranar biki a zo da Dakta, ɗan'uwa ne. Amma a zo da shi da rawaninsa."

Kwana bakwai kasuwar Kazaure ta yi wani irin shiru, har mutane na tambaya ko an yi rasuwa. Dakta na zaune a teburinsa yana ciniki da yatsu, Musaddiƙ na kai shi yana dawo da shi, hamma ko ɗaya. Manya suka je ruga, aka sa rana bayan girbi.

Ran na takwas aka kwance shi a tsakar gida, maƙwabta sun cika zaure. Ya motsa haɓa hagu da dama, ya gyara tabarau, ya dubi jama'a da fara'ar wanda ya ci yaƙi.

"To, wa ya ce ban san aikina ba? Na ce rawani ne maganin, kuka yi mini dariya. An naɗa rawani, hamma ta tsaya ko ba ta tsaya ba? An ba mu mata ko ba a ba mu ba? Abin da ya rage a bincika shi ne yadda aka yi magani yana kaina yana aiki a jikinsa. To akwai wata jijiya da ke haɗa wa da ƙane, ta taso daga ƙeya..."

Musaddiƙ ya kai hannu baki. Sheriff ya bi. Daga zaure aka ji wani ya ja tasa har da salati.

Inna Dela ta tashi ta ɗauko rawanin daga kan igiyar shanya, ta kakkaɓe shi, ta nufo Dakta tana naɗe hannun riga.

"Sheriff," ta ce, "riƙe mini kansa."